Zauren Gwaggo: Ciwon Ya Dawo, Ni Kuma Ban Iya Roƙo Ba

Assalamu alaikum Gwaggo, ya aiki, ya iyali? Ni tela ne a Kano, shekarata 44, yaranmu biyar da mai ɗakina. Shekara uku da suka wuce aka gano tana da sankarar mama. Aka yi mata aiki aka cire nonon hagu, aka yi mata kemo, wato ƙarin ruwan maganin daji, sau shida, muka je Zariya aka yi gashin wurin da na'ura. A wancan karon na sayar da adaidaita sahun da wani yaro yake kawo min balas, ita ta sayar da sarƙarta da 'yan kunnenta, 'yan'uwa suka yi iya ƙoƙarinsu. Gashin kanta ya tofo, ta koma sayar da wainarta, har muka yi sadakar godiya.

Bayan ƙaramar Sallah ta fara kukan ciwon baya. Muka ɗauka zaman gindin tanda ne. Da aka yi hoto, likita ya kira ni ni kaɗai ya ce abin ya dawo, ya taɓa ƙashi. Kuɗin da aka lissafa min na wata shida ya haura naira miliyan huɗu. Abin da ya rage min keken ɗinki biyu, na surfani ɗaya, sai gidan gadon da muke ciki. Ƙanina ya ce mu ɗauke ta bidiyo mu sa a Facebook da TikTok da lambar asusu. Surukata ta ce daji ba ya son ƙarfe, asibiti ne ya tsokano shi, akwai mai maganin da ya ce a kawo dubu 300 wata ɗaya ta miƙe. Na je wurin wani aminina da ya taimaka a baya, ya ce min, "Ba an ce ta warke ba?" Tun daga ranar ban sake zuwa wurin kowa ba. Ita kuma har yau ban gaya mata ba, na ce mata sanyin ƙashi ne. Gwaggo, in sa bidiyon? In sayar da kekunan? Kuma roƙon nan ya halatta ga mai sana'a kamata?

Daga wani tela, Kano.

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya saka maka da alheri. Na ga mazan da suka aika wa mace takarda tana kan gadon asibiti saboda ciwon nan, saboda haka ba zan wuce ban yaba maka ba.

Tambaya uku ka yi, amma wadda ta fi su nauyi ka tura ta can ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba. Da ita zan fara.

Shekara talatin na yi ina aikin jinya kafin in aje, mafi yawansu a ɗakin mata. Akwai wata baiwar Allah da na yi jinya, ita ma ciwonta ya dawo, mijinta ya roƙe mu kada mu faɗa mata. Wani dare ina gyara mata ƙarin ruwa, kowa ya yi barci, ta riƙe min gefen riga ta ce, "Sista, na san abin nan ne ya dawo. Amma kada ki gaya wa Malam na sani, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba." Na tsaya da robar ruwa a hannu na rasa abin cewa. Shi yana waje kan tabarma yana ɓoye mata, ita tana ciki tana ɓoye masa, kowa yana kukansa shi kaɗai. Matar da aka yanke wa nono, ta sha kemo sau shida, ta san warin ɗakin nan da fuskar likitan nan, ba za ka kai ta can ka ce mata sanyin ƙashi ne ta yarda ba. Shiru kawai take yi maka don kara.

Kuma ka duba inda maganar ƙaninka za ta kai ku. A ce an sa bidiyo yau, gobe maƙwabciya ta shigo da waya tana salati, a nan matarka za ta ji sunan ciwonta. Jikin nata ne, ciwon nata ne, sirrin nata ne. Ka zaunar da ita bayan yara sun kwanta ka faɗa mata. Idan bakinka ba zai iya ba, ku shiga wurin likita tare, ka ce masa ya yi bayani a gabanta da Hausa. Wataƙila tana da bashin da take so ta biya, ko wadda take so ta nemi yafiya, ko maganar da take son yi wa babbar 'yarku. Wataƙila kuma tana da shawarar inda za a samo kuɗi da kai ba ka sani ba. Mai sana'ar waina ta san mutane, kuma na tabbata tana cikin adashi.

Sai maganar miliyan huɗu. Kafin ka nemi ko sisi a hannun wani, ka san me za a saya da shi. A kan wannan zan gaya maka gaskiya ko da ɗaci. Sankarar mama idan ta koma ƙashi, likitoci ba su cika maganar tumɓuke ta gaba ɗaya ba. Abin da ake yi shi ne a danne ta, a hana ta yaɗuwa, a kashe raɗaɗi, mace ta ci gaba da harkokinta. Akwai matan da suke shekaru a haka, suna aurar da 'ya'ya, suna zuwa biki. Rai kuma na Allah ne. Amma hakan yana nufin jinyar ba ta wata shida ba ce a rufe littafi. Tafiya ce mai nisa, kuma guzurin mai tafiya mai nisa daban yake da na mai zuwa bayan gari.

Ka tambayi likita, da takarda da biro a hannunka: me ake fatan maganin nan zai yi? Wane irin sankara ce gwajin tsoka ya nuna? Domin ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda sinadarin jikin mace ne yake ciyar da ita, irin wannan sau da yawa ƙwaya ake sha kullum, kamar tamoxifen da 'yan'uwanta, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na kemo ba. Akwai wadda ake kira mai HER2, wadda maganinta, trastuzumab, ake sa shi duk bayan mako uku, shi ne mai karya gida. Akwai ƙarin ruwan da ake yi don ƙarfafa ƙashi, akwai gajeren gashi na 'yan kwanaki don rage ciwon wurin da ya kama. Ka ce a rubuta maka kowanne da kuɗinsa, wata bayan wata, a kan takarda mai hatimin asibiti. Sannan ka yi tambayar da maza ke jin kunyar yi: "Likita, idan ba mu da ƙarfin wannan, mene ne na biye da shi?" Ba laifi ba ne. Likitan da ke aiki a asibitin gwamnati kullum da irinka yake kwana yake tashi, musamman tun 2023 da darajar naira ta faɗi, magungunan waje suka yi tashin gwauron zabo. Na ga iyalan da suka fara magani mai tsada, suka yi biyu kuɗi ya yanke, aka zauna wata uku ba komai. Gara wanda za ku iya ɗorewa a kai.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, tunda ka ce baya ne: duk ranar da ta ce ƙafafunta sun yi nauyi, ko sun yi sanyi ba ta jin su, ko fitsari ya ƙi fita ko ya kufce mata, kada ka jira ranar ganin likita. A daren nan za ku tafi asibiti.

To, roƙo. Ni ba malama ba ce, amma wannan hadisin tun muna makarantar dare muka haddace shi, yana cikin Sahihu Muslim. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa sahabi Ƙabisa cewa roƙo ba ya halatta sai ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin bashi don sulhunta mutane, da wanda wata annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya same shi har mutum uku masu hankali daga cikin mutanensa suka shaida cewa lallai wane ya shiga halin babu. Ka kai wa limaminku maganar ya ƙara maka bayani, amma ni dai ban ga inda ka fita daga cikin waɗannan ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da nake so ka lura da shi a hadisin shi ne mutum ukun nan. A ganina maganin kunyarka yana nan, maganin zargin mutane ma yana nan. Kai ba za ka yi roƙon ba. Ka samo mutum uku da unguwa ta yarda da su: limamin masallacinku ko na'ibinsa, wani dattijo daga ƙungiyarku ta teloli, da ɗaya daga dangin matarka, wanta ko kawunta. Na ukun nan kada ka tsallake shi, domin duk ƙorafin da zai taso gobe daga ɓangarensu zai fito, gara idonsu yana kan kuɗin tun farko. Ka shimfiɗa musu takardun asibiti, ka gaya musu abin da ka riga ka sayar. Su za su je wurin mutane. Bakin da ya ce "wane yana cikin wani hali" ya fi bakin da ya ce "ina cikin wani hali" buɗe aljihu, kuma wanda ba shi da abin bayarwa zai iya cewa babu ba tare da an haɗa ido da kai ba, zumuncinku bai taɓu ba.

A buɗe asusu daban, wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. Kada alat ɗin taimako ya riƙa shiga wayar da kuɗin ɗinkin mutane ke shiga. Ba don ina zarginka ba. Ranar da shinkafa ta ƙare a gida ga kuɗi a asusu, za ka ce bari in ara in mayar, daga nan lissafi ya rikice. Ranar da kuma ka ɗinka wa yaranka kayan Sallah da guminka, za a sami mai cewa kuɗin jinya ne. A sayi littafi mai bango mai ƙarfi, abin da ya shigo a rubuta, abin da ya fita a maƙala rasit. Duk ƙarshen wata a karanta wa waɗanda suka bayar, ko a ɗauki hoton shafin a tura musu a WhatsApp. Wanda ya ga inda dubu biyunsa ta tafi, shi ne zai sake bayarwa.

Kuma tunda jinyar mai tsawo ce, ku nemi alkawarin wata-wata maimakon a tara sau ɗaya a watse. Mutum 40 da za su riƙa ba da dubu biyar-biyar, dubu 200 ke nan duk wata. Ka zauna ka lissafa: masu kawo maka ɗinki shekara da shekaru, waɗanda kake sayen yadi a wurinsu a Kantin Kwari, abokan makaranta, matan da ke sayen waina, 'yan adashinta. Za ka yi mamakin yadda arba'in ɗin za su cika. Kamar adashi ne, sai dai kwasar asibiti ce kullum.

Amininka da ya ce "ba an ce ta warke ba", kada ka riƙe shi. Rashin sani ne, kuma mutane da yawa za su yi wannan tambayar a zuci. Amsar gajeriya ce: aikin farko ya yi, shi ya ba ta shekara uku tana soya waina. Amma ciwon nan yakan bar ƙananan ƙwayoyi da hoto ba ya gani, su kwanta a wani wuri a jiki, bayan shekaru su farka. Ba wanda ya yi ƙarya, ba kuɗin wanda ya tafi a banza. Mutum ukun nan su riƙa faɗin haka tun kafin a tambaye su.

Akwai ƙofofin hukuma da ya kamata ku ƙwanƙwasa, ko da ba duka za su buɗe ba. Manyan asibitocin koyarwa suna da ofishin walwalar marasa lafiya, wanda muke ce wa soshiyal. Ka nemi likita ya rubuta muku takarda zuwa can. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi da ya fara aiki a 2021, kuma sankarar mama tana cikin iri ukun da aka fara da su, tare da ta bakin mahaifa da ta prostate, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza. Asibitin Shika a Zariya, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, da Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin shida na farko. Ta hannun asibiti ake shiga, masu nema kuma suna da yawa, saboda haka a cike takarda da wuri, amma kada a dakatar da magani ana jiransa. Akwai kuma shirin rage farashin magungunan kemo da aka ƙaddamar a 2019, wanda asibitin Malam Aminu Kano da na Shika suke ciki. Kafin ka tafi kyamis ɗin waje, ka tambayi ɗakin magani na asibiti ko maganinku yana cikin jerin. Ka leƙa hukumar KSCHMA ta taimakekeniyar lafiya ka ji abin da rajista za ta ɗauke muku, ko gwaje-gwajen jini kawai ta rage ai an samu. Ka kai takarda Hukumar Zakka da Hubusi. Gidauniyar Medicaid ta Dokta Zainab Shinkafi Bagudu ta daɗe a kan harkar ciwon daji, ba asara ba ce a rubuta musu.

Zakkar attajirai ma haka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa masu cin zakka kashi takwas, fakirai da miskinai da waɗanda bashi ya danne suna ciki. 'Yan kasuwa da yawa da azumi suke fitarwa, wasu a farkon shekarar Musulunci, kuma tun kafin lokacin suke rubuta sunaye. Liman ya kai sunanku da wuri. Wani attajirin ya fi son ya biya asibiti kai tsaye ya karɓi rasit. Ku ce masa madalla, hakan ma ya fi.

Yanzu bidiyo. Ba zan ce maka intanet ba ta tara kuɗi ba, tana tarawa, na ga an haɗa wa mutane kuɗin aiki cikin kwana biyu. Amma na ga abin da ke biyo baya. Ana kwantar da mace a tabarma, a yaye mata mayafi, a haska ciwo, wani yana magana a kanta kamar ba ta wurin. Bidiyon nan ba ya goguwa. Babbar 'yarku za ta je makaranta ta tarar da shi a wayar ƙawaye. 'Yan damfara kuma suna kwafe irinsa su canza lambar asusu, su ci da ciwon matarka shekara guda kai ba ka sani ba. Ra'ayina: ku fara da mutanen da suka san ku. Idan abin bai kai ba, kuma ita da bakinta ta amince, a fita waje, amma ba fuskarta, ba jikinta. Takardar likita da aka rufe suna da lambar kati, liman ko dattijon telolin ya yi magana, a faɗi nawa ake nema da nawa aka samu, a faɗi sunan asusun da baki don mai kwafa ya sha wuya. Gidan rediyo ma hanya ce, can murya kawai ake ji. Idan wani mai mabiya da yawa ya ce zai tallata muku, ku yi magana a fili tun farko: asusun wa kuɗin zai shiga, kuma akwai kason da zai cira? Idan aka ce maka GoFundMe, wato shafin tara kuɗin taimako a intanet, ka sani ba a cire kuɗinsa da asusun bankin Najeriya, sai kana da amintacce a ƙasa irin Ingila ko Amurka.

Surukarka ka bi ta a hankali, 'yarta ce, tsoro ne ke magana. Amma "daji ba ya son ƙarfe" ita ce maganar da ta fi kowace cika mana ɗaki da matan da suka zo a makare, nono ya riga ya fashe an sha shafe-shafe wata takwas. Ƙarfen ne ya ba ta shekara ukun nan. Addu'a, tofi, zamzam, sadaka, ba wanda ya hana, a yi da yawa. Jiƙo da garin da ba a san me ke ciki ba kuwa yana iya taɓa hanta da ƙoda, kuma idan suka taɓu likita ba zai iya sa kemo ba ko da kuɗin yana hannu. Duk mai cewa kawo dubu 300 wata ɗaya ta miƙe, ka tambaye shi ko ya yarda a biya bayan hoto ya nuna ta warke. Ka tafi da surukar taka asibiti sau ɗaya, ta ji da kunnenta, ta yi tambayoyinta. Kuma a ba ta aiki: ita ce mai kunu, ita ce mai kula da lokacin shan ƙwaya. Uwar da aka bari ba abin yi ita ce ke zuwa neman mai magani.

Kekuna kuwa, a'a. Adaidaita ƙari ce, ka sayar, ya wuce. Keken ɗinki shi ne tukunyar gidan. Ka sayar yau, kuɗin ba zai kai wata biyu a asibiti ba, sannan ga mara lafiya da ke bukatar ƙwai da kifi da kuɗin mota, ga yara biyar, ga ba sana'a. Idan zirga-zirgar asibiti ta hana ka zama a shago, ka ɗora wani yaronka a kan na surfanin ku riƙa raba abin da ya shigo. Gidan gado ma kada ka kai shi bakin dillali cikin firgici. Mai saye yana jin warin matsuwa daga nesa, kuma akwai haƙƙin wasu a ciki. In har an zo nan, shawara ce ta ku biyu da mutum ukun nan, bayan likita ya faɗi abin da kuɗin zai saya.

Ka haɗo lambar asusunka a ƙasan wasiƙa, na gani, ban buga ba. Idan kun buɗe na mutum biyun, liman ya rubuto wa Zauren nan da takardar asibiti, zan kai wa edita da hannuna. Ka gaishe min da mai jiki, ka ce Gwaggo tana tambaya ko wainar tata ta shinkafa ce ko ta gero.